Bahon jakuzi a saman bene: ina neman shawara kan nauyinsa da wayarinsa

Abu_Sadiq_Lokogoma:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina ƙarasa ginin gidana a Lokogoma, Abuja, bene ne hawa ɗaya, an gama filasta, saura tayil. Na sayo bahon jakuzi a kasuwar Dei-Dei, irin mai feso ruwa ta gefe-gefe, tsawonsa santimita 180, faɗinsa 120. Takardarsa ta ce yana cin lita 300, injin tura ruwan wat 900 ne, hitar cikinsa kuma wat 1,500. Saboda Hajiyarmu na saya, tana fama da ciwon gwiwa da baya, duk da mu ma za mu amfana. Banɗakin ɗakina na sama ne kaɗai zai ɗauke shi.

Filamba ya ce a zuba dandamalin kankare mai tsawon inci shida don bututun fitar ruwa ya samu gangara, a ɗora bahon a kai, a zagaye da bulo, a rufe da tayil ruf. Mai wayarin kuma ya ce ba sai an jawo sabon layi ba, zai ɗebo wuta daga layin hitar banɗakin ya sa soket a ƙarƙashin bahon. Hankalina bai kwanta da maganar kowannensu ba. Don Allah masu sani a taimaka kafin masu tayil su shigo.

Maiwayarin_Kubwa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, tun kafin a je ko'ina, dakatar da maganar soket ɗin nan yau ɗin nan. Soket a ƙarƙashin baho, inda ruwa ke tsiyaya, kuma a rufe shi da tayil ba mai ganinsa? Wallahi ba a yi. Bari in sauko daga aiki zan yi bayani a tsanake.

Injiniya_MB:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ɓangaren gini zan taɓa. Lita ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne, to ruwan kaɗai kilo 300 ke nan. Bahon da injinsa mu ƙaddara kilo 80, mutum biyu kilo 150, jimilla 530. Wurin da zai zauna murabba'in mita 2.16 ne, kowane murabba'in mita zai ɗauki wajen kilo 245. A lissafin gidan zama, nauyin mutane da kaya da aka saba warewa dekin kilo 150 ne a kan murabba'in mita, amma wannan a kan ɗakin gaba ɗaya ne, ba kusurwa guda ba. Dekin mai kaurin inci shida da aka zuba da rodi yadda zane ya ce, yawanci zai ɗauki bahon nan lafiya, musamman in an jingina shi kusa da bangon da ke da bim a ƙarƙashinsa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali dandamalin filamban ne. Kankare na da nauyin kilo 2,400 a kowace mita kubik, wato mita ɗaya tsawo, faɗi da kauri. Inci shida a kan wannan filin ya doshi kilo 780. Ka ga dandamalin ya fi bahon da ruwan da mutanen nauyi, kuma shi ba ya tsiyayewa, yana nan dare da rana. Sai a ƙara bulo da tayil. Kada a zuba shi sai wanda ya zana ginin ya duba.

Bazazzagi_77:
Injiniya, da girmamawa, akwai gyara a lissafin. Lita 300 ɗin nan har bakin ramin da ke zubar da rarar ruwa ne. In mutum ya shiga, ruwa daidai girman jikinsa ne ke tashi, don haka ba za a samu lita 300 cif da mutum biyu a lokaci guda ba. Ko dai a zuba ƙasa da haka, ko rarar ta fita. Ina ganin da wuya ya wuce kilo 420.

Injiniya_MB:
Haka ne Malam. Mu dai da mafi munin hali muke lissafi, don ramin rarar kan toshe, yara kan cika su faɗa su uku. Ko da 420 ɗin aka ɗauka, maganar dandamalin ba ta canza ba.

MamanIlham:
Alhaji Allah ya saka da alheri, ya ba Hajiya lafiya. Amma tambaya ɗaya nake da ita, kuma ban ga kowa ya taɓo ta ba. Mai ciwon gwiwa ce za ta riƙa hawa bene kullum don ta yi wanka? In ta hau, bakin bahon nan ya kai wajen santimita 60 daga ƙasa, a ƙara dandamali a kai. Mahaifiyata ma gwiwar ce, na ga yadda take dafa bango kafin ta tsallake dokin ƙofar banɗaki, wanda bai fi tafin hannu ba. Shiga ma da sauƙi, fitar ce aiki, jiki ya yi laushi da ruwan ɗumi, ƙafa a jiƙe, tayil da santsi.

Abu_Sadiq_Lokogoma:
Hajiya wannan magana ta shige ni. Ɗakinta a ƙasa yake, banɗakinta ne ƙarami. Akwai sito a jikinsa, sai dai in a fasa bangon da ke tsakani.

Injiniya_MB:
In bangon ba ya ɗauke da komai, bim ne a samansa, fasa shi ba wani abu ba ne, kuma a ƙasa maganar nauyi ta ƙare gaba ɗaya. Har ma za a iya haƙa wurin a nutsar da bahon ya sauko, bakinsa ya yi ƙasa-ƙasa, matuƙar bututun fita zai samu gangara zuwa cemba. Amma a duba zanen kafin a ɗaga guduma. In kuma saman ne dole, abu ɗaya nake roƙo: kada a bar filamba ya sassaƙe dekin yana neman hanyar bututu. Na shiga wani gida a Gwarinpa na tarar an yanke rodi huɗu a jere don a wuce da bututu mai inci biyu, an toshe da siminti an shafe. A fitar da bututun ta jikin bango zuwa waje, ko a huda rami ɗaya da injin hudawa a tsakanin rodi, a bi da shi ta cikin silin na ƙasa.

Maiwayarin_Kubwa:
To Alhaji na dawo. Wat 900 da wat 1,500 sun zama 2,400. A raba da bolt 230 da muke amfani da shi, amfiya goma da 'yan kai ke nan. Hitar banɗakinka ita ma tana jan wat 1,500 zuwa 2,000. In aka haɗa su a layi ɗaya an doshi amfiya 19, ga shi injin yana fizgar wuta ninki-ninki lokacin tashi. Ko dai bireka ta yi ta faɗuwa, ko wani ya zo ya sa babbar bireka don ta daina faɗuwa, waya ta riƙa zafi a cikin bango ba wanda ya sani.

Yadda ake yi, layinsa daban tun daga akwatin rarraba wuta, ba ya haɗa hanya da komai. Ga irin naka waya mai milimita 2.5 ta isa da bireka mai amfiya 16, in tazarar ba ta yi nisa ba. Wanda hitarsa ta kai wat 3,000 ya hau milimita 4. Wayar kuma ta jan ƙarfe zalla, don kasuwa cike take da wadda an rubuta 2.5 a jiki, in ka feɗe robar ka ga silin cikin bai kai ba.

Amma zancen rai ba a nan yake ba. Bireka ta yau da kullum waya take karewa, ba mutum ba. Mai amfiya 16 ba za ta motsa ba sai wuta ta wuce 16, alhali abin da ke tsayar da zuciyar mutum bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba, balle mutumin da ke zaune tsundum cikin ruwa. Abin da ake buƙata shi ne RCD, wato na'urar da ke yanke wuta in ta zurare, mai miliamfiya 30, ko RCBO wadda ta haɗa aikin biyun a jiki ɗaya. Ita tana auna wutar da ta tafi da wadda ta dawo ne, da ta ga an samu gibi ta san wuta ta bi wata hanya, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Ka duba jikinta da idonka ka ga an rubuta 30mA. Akwai masu 100 da 300, waɗannan na kare gida daga gobara ne, ba na kare mai wanka ba.

Sai makunni mai yanke waya biyu, a sa shi a wajen banɗaki. Wayar ta shiga kai tsaye cikin akwatin haɗi wanda ruwa ba ya shigarsa, a ɗaure shi sama da daɓe. Babu soket, babu filogi, babu haɗin salatif.

Sani_Sola:
Ƙari a kan na Oga. Kada a ɗora hitar bahon a kan inbata. Batir mai 200Ah a bolt 12 gaba ɗaya abin da ke cikinsa yunit 2.4 ne, kuma ba a shanye shi duka. Hita mai wat 1,500 za ta tsotse shi cikin ɗan lokaci. A bar layin jakuzi a ɓangaren manyan kaya tare da na'urar sanyaya ɗaki.

DanJos_Rayfield:
Ni ina da shi a gidana a nan Jos, kuma lokacin hunturu babu abin da ya kai shi daɗi, sanyin Disamba da Janairu a nan ba wasa ba ne. Abin da zan faɗa wa Alhaji shi ne ƙofar gyara. Wanda ya sa mini nawa ya rufe shi da tayil kamar yadda filambanka ke so. Rannan muka ga fentin falo na ƙasa yana kumbura, POP ya yi taswira ruwan kasa-kasa, ashe wata mahaɗa ce a bakin injin take ɗiga a hankali tun ba yau ba. Sai da aka farfasa tayil kafin a kai gare ta, kuma irin tayil ɗin ya ƙare a kasuwa. Da aka buɗe, ƙasan bahon duk gansakuka, wayar injin kwance cikin laima. Roba ce 'yar ƙarama ta zagayen mahaɗar ta saki, hannu kawai ake buƙata ya kai wurin.

A bar ƙofa a gefen da injin yake, wadda za a iya zaro injin gaba ɗaya ta cikinta, ba 'yar taga ta leƙe ba. Kuma kafin a rufe komai a cika bahon, a kunna shi ya yi aiki, a bar ruwan ya kwana, a shimfiɗa busasshen kwali a ƙarƙashi. Da safe kwalin zai faɗa maka gaskiya.

Filamba_Usman:
Ina karanta ku, kuma ba na so a ɗauka duk mu ɗaya ne. Abokin sana'ata ya yi kuskure a maganar rufewa, amma gangarar da yake nema gaskiya ce, in babu ita ruwa zai riƙa kwanciya. Ba dole sai da kankare ba. Yawancin waɗannan bahon suna zuwa da firam na ƙarfe da ƙafafu masu zare, ana murɗa su a ɗaga ko a sauke. Da su ake daidaitawa, a ɗora filam a tsaye da a kwance har ƙwayar ta tsaya a tsakiya, kuma kowace ƙafa ta taka ƙasa sosai. In ya karkace, ruwa na maƙalewa a bututun ciki ya yi wari.

Wanda ba shi da firam, shi ake yi wa shimfiɗar kwaɓaɓɓen siminti a ƙarƙashi, a sa leda a tsakani, a zaunar da shi tun simintin na ɗanye. Ko wanne ne, gindin baho ke ɗaukar nauyi. Leɓensa ba ya ɗaukar komai, hawa kawai yake a kan ginin gefe a bi shi da silikon. In aka rataye shi ta leɓe, gindin na lilo, wata rana sai ka ji ƙas, ya tsage. Kafin a ɗora kuma a shafa maganin hana ruwa a daɓen har ya hau bango, a bar magudana a ƙasan banɗakin.

Malam_Habu_Karu:
Ni kam ku yi haƙuri, wani ɓangaren nake kallo. Lita 300 don wankan mutum ɗaya? Jarka mai lita 25 guda 12 ke nan, kusan kurar mai ruwa sukutum. Ya tabbata Manzon Allah (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, yana wanka da sa'i ɗaya zuwa mudu biyar. A garin nan akwai unguwannin da mata ke fita tun asuba neman bokiti biyu. Ina jin tsoron almubazzaranci.

MamanIlham:
Malam, ai ya ce don jinyar mahaifiyarsa ne. Ba kullum za a cika shi ba.

Dr_Zee:
Malam Habu damuwarka abar dubawa ce, kuma ruwan in ba a zuba masa sabulu da yawa ba ana iya juya shi ga shuke-shuken gida. Amma abin asalinsa na jinya ne. Iyalan Jacuzzi, 'yan asalin Italiya da suka zauna a Kalifoniya ta Amurka, sun ƙera ƙaramin injin da ake tsomawa cikin baho saboda wani yaronsu mai ciwon gaɓoɓi, suka fara sayar da shi wajen 1956, sai a 1968 aka fitar da bahon da injin ke jikinsa. Ruwan ɗumi na sassauta jijiya ya rage raɗaɗi, sai dai ba ya gyara gwiwar da ta riga ta cinye.

Alhaji, ka fara tambayar likitan Hajiya, musamman in tana da hawan jini, ciwon zuciya ko ciwon suga. Zafi na buɗe hanyoyin jini, mutum ya miƙe jiri ya ɗebe shi. Mai suga kuma wani lokaci ƙafarsa ba ta jin zafi sosai, sai ya ƙone bai sani ba. Kada ruwan ya wuce digiri 40, ga dattijuwa 37 zuwa 38 ya isa, minti goma zuwa sha biyar, kuma da wani a kusa. Mai juna biyu ta haƙura da shi. A sa ƙarfen dafawa a bango, wanda aka ɗaure cikin bulo da gaske.

Sai tsafta. Ruwan da ke saura a bututun ciki yana tara ƙwayoyin cuta, akwai mai sa ƙuraje a fata, akwai Legionella mai kama huhu in an shaƙi feshin. Lokaci-lokaci a cika shi, a zuba maganin wanke bututu da masu shi suka amince da shi, a kunna ya zagaya, a zubar, a sake ɗaurayewa.

Malam_Habu_Karu:
In lalura ce ba ni da ja, Allah ya ba ta lafiya. Amma ga wankin bututun ma wata lita ɗari nawa ce. Ina nan a kan cewa mai lafiya bokiti ya ishe shi.

Bazazzagi_77:
Mu dawo kan wuta. Akwai abin da masu saye ba sa lissafawa, wato dafa ruwan. Ɗaga lita 250 daga digiri 25 zuwa 38 na cin kusan yunit 3.8. Da hitar bahon kaɗai sai an yi awa biyu da rabi ana jira, don ita aikinta riƙe ɗumin ne, ba dafawa daga sanyi ba. A Afrilun 2024 an kai 'yan Band A, wato rukunin da suka fi samun wuta, naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sauke zuwa ɗari biyu da 'yan kai, a wannan farashin wanka ɗaya ya kama wajen naira 800 a mita. In kuma da hitar bango za a cika, ana buƙatar kimanin lita 80 na ruwa mai digiri 65 a sirka. Mai lita 30 ko 50 da aka saba sawa ba za ta kai ba.

Sani_Sola:
Shi ya sa nake ba mutane shawarar hita mai aiki da rana a saman rufi, mai lita 200 ko 300. Ranar Abuja ta isa. Damina ce kawai takan yi rauni.

Hauwa_Lugbe:
Don Allah in shigo da tawa. Yayana ya turo mana irinsa daga Amurka cikin kwantena, an rubuta 120V 60Hz a jikin injin. Wani ya ce mu sayi taransifoma kawai.

Maiwayarin_Kubwa:
Hajiya taransifoma bolt za ta sauke, ba za ta mayar da 50Hz ɗinmu 60 ba. Injin zai yi gudu ƙasa da nasa, yana iya riƙa zafi. Ga kuma ƙarin kayan wuta kusa da ruwa. Ni dai da nawa ne, injin da hitar zan canza da masu 230V 50Hz, bahon da bututunsa ba ruwansu da bolt.

Alhaji Abu Sadiq, akwai saura ban gama ba: atin, wato wayar da ke sauke wuta cikin ƙasa. Gidaje da yawa za ka ga koriyar waya a soket, ka bi ta ka tarar ba ta je ko'ina ba, ko an soka guntun rodi a bayan gida an ɗaura. A kafa sandar jan ƙarfe ta gaske, a auna ta da na'ura, kuma da rani, lokacin da ƙasa ta bushe, don awon damina yaudara ne. Maɓallin gwaji da ke jikin RCD yana nuna ita kanta tana aiki ne kawai, bai ce atin ɗinka na da kyau ba. Ka nemi mai takardar shaidar NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin wutar lantarki, ya zo da na'urar gwaji, ya gwada a wutar gari, ya juya zuwa janareta ya sake gwadawa. Ƙananan janareta da yawa ba a haɗa nutural ɗinsu da atin ba, RCD na iya ƙin faɗuwa a kansu.

DanJos_Rayfield:
Mu nan dutse ne, sanda ba ta shiga. Rami aka haƙa aka zuba gawayi da gishiri, haka kowa ke yi.

Maiwayarin_Kubwa:
Ana yi, kuma awon na sauka da farko. Amma gishiri na cin ƙarfen, ruwan sama kuma na wanke shi, bayan 'yan shekaru sai a koma gidan jiya. Gara sanduna biyu ko uku a tazara a haɗe su, ko a shimfiɗa wayar jan ƙarfe a dogon rami.

DanJos_Rayfield:
Oga ban yarda gaba ɗaya ba. Nawa an sake aunawa bara, yana nan lafiya.

Filamba_Usman:
Abu ɗaya da na manta. In ruwan burtsatse ne a sa abin tace ruwa kafin ya shiga bahon, yashi na toshe bakin feshin ya ci injin. Kuma a gaya wa yara da masu aiki kada a kunna sai ruwa ya rufe ramukan feshin da kamar yatsu uku. Kunna shi a bushe na ƙona robar injin nan take. In an gama a zubar da ruwan, kada a bar shi cike a gidan da ke da masu rarrafe.

Abu_Sadiq_Lokogoma:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na dakatar da masu tayil a banɗakin biyu. Injiniyan da ya kula da ginin zai zo ranar Asabar ya duba bangon siton da dekin ɗin. Uwargida ta fi son a bar shi a sama, ni kuma maganar Maman Ilham ce ke raina. Oga Maiwayarin, akwatin wutar sama ya cika, babu gurbin ƙarin bireka. In a ƙasa aka sa babu matsala, amma in saman ne fa?

Maiwayarin_Kubwa:
A ƙara ƙaramin akwati a gefensa, mai gurbi huɗu ya isa, amma a fara duba kaurin wayar da ta hau da wuta saman, ko za ta ɗauki ƙarin amfiya goma. Turo hoton akwatin a buɗe da na takardar da ke jikin injin in gani.

Hauwa_Lugbe:
Oga, injin mai 230V ɗin a Dei-Dei ake samu ko sai an yi oda daga Legas? Kuma bakin bututunsa zai zo daidai da na Amurkan?